Tarihin Faci: Daga Akwatin Linksys Zuwa Unguwar Madagaskar



Gabatarwa

Duk saƙon da ya tashi daga Yawunde zuwa Kano, ko muryar da uwa ta aika wa ɗanta da ke karatu a Ngaundare, kafin ya isa sai ya ratsa na'urori masu yawa, kowace ta karɓa, ta duba adireshi, ta miƙa wa ta gaba. Manhaja ce ke gudanar da waɗannan na'urori, kuma kaso mai tsoka na wannan manhaja ba shi da ubangida ɗaya. Dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban suka rubuta ta layi bayan layi cikin shekara sama da 40, suka bar ta a buɗe, kowa ya karanta, kowa ya gyara, kowa ya ƙara. Wayar Android da ke hannun mai karatu ma da irin wannan manhaja take shiga intanet.

Sana'ata haɗa intanet a shaguna da gidaje da makarantu. Ina zaune a Madagaskar, unguwa ce a Yawunde kusa da kasuwar Mokolo, jifa kaɗan daga Briqueterie inda Hausawa suka fi yawa, kada mai karatu ya ɗauka tsibirin nan na tekun Indiya nake nufi. Abin da nake so in kawo a wannan rubutu shi ne tarihin yadda manhajar sadarwa ta zama aikin gayya, da yadda mutum ke kai nasa gyaran cikinta, da dalilin da ya sa nake ganin mu masu wannan sana'a a ƙasashen Hausa mun daɗe muna sha daga rijiyar ba mu taya yasa ba.

Hanya da Amana

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Ba a daɗe ba fataken Hausawa suka biyo hanyar Tibati da Yoko daga ƙasar Adamawa, suna kawo tufafi da shanu, suna sayen hauren giwa da roba. A zamanin Faransawa aka tattara su a yankin Ekoudou, kusa da wurin da ake gasa bulo, daga nan unguwar ta ci sunan Briqueterie, wato gidan bulo da Faransanci.

Abin da ya riƙe waccan doguwar hanya shi ne amana. Baƙo ya iso da kaya daga gari mai nisa, ba wanda ya san shi, sai ya sauka a gidan mai masauki. Mai masauki ne zai nema masa dillali, shi zai tsaya masa idan za a ba da bashi, kuma idan baƙon ya ci amana, sunan mai masauki ne ya ɓaci. Tambayar kasuwa ita ce, wa ya tsaya maka? Mai karatu ya riƙe wannan tambaya, domin za mu sake cin karo da ita a wurin da bai zata ba.

Asalin Faci

Manhaja kama biyu gare ta. Akwai rubutun asali, wanda ɗan Adam ke rubutawa kuma yake iya karantawa. Akwai kuma abin da ake samu bayan an niƙa wannan rubutu an mayar da shi lambobin da na'ura kaɗai ke fahimta. Kamfanin da ya sayar maka da na biyun ya ɓoye na farkon, tamkar wanda ya ba ka tuwo ne ya hana ka iri. Za ka ci ka ƙoshi, amma ba za ka shuka ba. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda ake ba ka da irinta.

Ranar 1 ga Janairun 1983, tsarin sadarwar ARPANET na Amurka, wanda shi ne kakan intanet, ya koma amfani da ƙa'idar TCP/IP. A cikin wannan shekarar ce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da zubin babbar manhajar Unix mai suna 4.2BSD, da wannan ƙa'ida a cikinta, kuma jami'o'in da suka karɓa sun same ta da rubutun asalinta. Duk wanda ya ga kuskure sai ya gyara ya aika wa sauran. Da yake aika dukkan rubutun abu ne mai nauyi a layukan wancan zamani, sai ake aika bambancin kawai: cire wannan layi, sa wannan a madadinsa. A 1985 wani masani mai suna Larry Wall ya rubuta 'yar masarrafar da ke ɗaukar wannan bambanci ta liƙa shi a inda ya dace. Sunan da ya sa mata shi ne kalmar Ingilishin nan da muka ara muke cewa faci, irin na taya. Har yau duk gyaran da mutum ya aika wa wata manhaja, faci ake kiransa.

Don a ga girman abin da faci ke yi, ga misali ɗaya. A watan Oktoban 1986 intanet ta fara shaƙewa saboda cunkoso. Tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi, tazarar yadi 400 kacal, gudun bayanai ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Dalili kuwa, idan saƙo ya ɓace a cunkoso, kowace kwamfuta sai ta sake turawa da ƙarfinta, cunkoson ya daɗa muni, kamar mashigar Mokolo ranar jajibirin salla idan kowane direba ya ce shi zai fara wucewa. Van Jacobson ya zauna ya gano maganin: kwamfuta ta fara turawa a hankali, ta riƙa ƙarawa, da ta ga alamar ɓacewar saƙo ta ja baya. Aka sa gyaran cikin BSD, ya bazu. Jikokin wannan dabara ne ke aiki a wayoyinmu yau.

A gefe guda kuma Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, a 1989 ya fitar da lasisin GPL, zubi na biyu ya biyo baya a 1991. Sharaɗin lasisin mai sauƙi ne: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka so, amma duk wanda ka ba manhajar dole ka ba shi rubutun asalinta tare da gyaranka. Ya ɗan yi kama da littafin da aka yi waƙafinsa a masallaci, sai dai shi waƙafi sayarwa ya hana, wannan kuwa ɓoyewa ya hana. A 1991 ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara Linux, a shekarar da ta biyo ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi.

Mu a nan lokacin muna nesa da zancen. A farkon shekarun 1990 cibiyar binciken Faransa mai suna ORSTOM ce ta haɗa ofisoshinta na Dakar da Bamako da Wagadugu da Yamai da Yawunde da wani tsari mai suna RIO, inda kwamfuta ke kiran 'yar uwarta ta wayar tarho, su yi musayar ƙunshin wasiƙu su kashe, kamar ayari biyu da suka haɗu a zango. Cikakkiyar intanet ba ta iso Kamaru ba sai 1997, aka kafa Camtel a 1998, wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 da ta sauka a Duwala ta fara aiki a 2002.

Akwatin Shuɗi

A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fito da wata rauta, wato na'urar da ke karɓar intanet ta raba wa jama'ar gida ta wayar iska, mai lamba WRT54G. Ƙaramin akwati ne shuɗi da baƙi, da eriya biyu kamar ƙahon ɗan akuya. Duk wanda ya yi aiki a shagunan intanet na wancan lokaci ya san shi. A watan Maris na 2003 kamfanin Cisco ya sanar da sayen Linksys a kan dala miliyan 500.

Watanni kaɗan bayan haka wasu masu bin diddigi suka leƙa cikin manhajar akwatin, suka tarar Linux ce, da wasu manhajojin masu lasisin GPL, amma kamfanin bai fitar da rubutun asali ba. A watan Yuni wani mai suna Andrew Miklas ya kai maganar gaban masu gina Linux. Aka taso kamfanin a gaba da magana ɗaya: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kun ɗauki aikin mutane kyauta bisa sharaɗi, sai ku cika sharaɗin. A watan Yuli Linksys ya fara sakin rubutun.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya tsara shi. Mutane suka ɗauki rubutun suka shiga sassaƙa, wannan ya ƙara katangar tsaro, wancan ya ƙara tsarin raba gudu tsakanin masu amfani, har akwatin da ake saya da kuɗi kaɗan ya koma yin aikin na'urorin da sai manyan ofisoshi ke iya saya. A watan Janairun 2004 aka fara OpenWrt, wadda ta ɗauki ƙarshen sunan akwatin. Masu ita suka share manhajar kamfanin suka gina ƙaramar Linux da mutum zai ɗora mata abin da yake so. Da Linksys ya sauya manhajar cikin akwatin zuwa wata rufaffiya a 2005, sai da ya fitar da wani samfurin daban, WRT54GL, mai ɗauke da Linux, saboda masu sayen da ba su son komai sai ita. Yau OpenWrt na aiki a kan nau'o'in rauta sama da 1,000, kuma kamfanoni da dama a kanta suke gina manhajar da suke sayar mana.

A Jamus kuma wani magini mai suna Harald Welte, ɗaya daga cikin masu riƙe da katangar tsaron Linux, ya kai kamfanin Sitecom kotu a Munich a 2004 kan irin wannan laifi, kotu ta ba shi gaskiya. Daga nan kamfanoni suka gane lasisin GPL yana da haƙora.

A Balin, ƙungiyar Freifunk ta ɗauki waɗannan akwatuna ta ɗora su a kan rufin gidaje, kowanne na miƙa wa maƙwabcinsa saƙo, kamar yadda 'yan gayya ke jeruwa suna miƙa kwanon ƙasa hannu da hannu wajen yaɓe. Daga cikinsu aka ƙirƙiro ƙa'idar B.A.T.M.A.N. da ke zaɓar wa saƙo hanya a irin wannan jeri. A 2011 aka shigar da ita cikin Linux kanta. Abin da 'yan sa-kai suka fara a saman rufi ya zama na duniya.

Isowarta Afirka

Ba a daɗe ba wannan iska ta kaɗo nahiyarmu. A Kafanchan ta jihar Kaduna, gidauniyar Fantsuam da Dokta John Dada ke jagoranta ta kafa Zittnet a tsakiyar shekarun 2000, da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada da ƙwararrun IT+46 na Suwidin. Suka ɗauki intanet ɗin tauraron ɗan Adam mai tsada suka raba ta ga makarantu da asibitoci da sauran cibiyoyin garin ta wayar iska. Waɗannan ƙwararru sun kuma rubuta ɗan littafin koyar da kafa tarho ta intanet a karkara da Asterisk, buɗaɗɗiyar manhajar da Mark Spencer ya fara a 1999.

A 2008, a birnin Cape Town, Steve Song ya tara wasu ƙwararru, cikinsu har da David Rowe na Ostareliya da Elektra ta ƙungiyar Freifunk, suka ƙera na'urar Mesh Potato. Sun haɗa OpenWrt da B.A.T.M.A.N. da Asterisk cikin akwati ɗaya da ke jure ruwa da rana, ka soka masa tarho na gida ka kira maƙwabci ba tare da kamfanin waya ba. Da irinta mutanen Mankosi, wani yankin karkara a lardin Eastern Cape, suka fara tsarinsu na Zenzeleni a 2012 tare da Jami'ar Western Cape. Ma'anar sunan a harshen Xhosa, ku yi wa kanku. A Kano ma cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da matasa kan kafa irin wannan sadarwa ta al'umma.

Sai dai idan mai karatu ya lura, a mafi yawan waɗannan labarai mu masu girkawa ne da masu amfani. Masu rubuta manhajar daga wani wuri suke zuwa.

Yadda Faci Ke Shiga

Bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, gwargwadon abin da na taɓa da hannuna. Akwai wata rauta mai cin layin waya da ta cika kasuwarmu a wani lokaci, mai araha, ana kawo ta kwali-kwali. Manhajar da ta zo da ita ba ta iya raba gudu, mutum ɗaya mai sauke fim sai ya hana shago duka sakat, kuma OpenWrt ba ta san da ita ba. Na kwance ɗaya, na nemo 'yan ƙafafun da maƙera ke bari a kan allon na'ura don jin abin da take faɗa lokacin tashi, na liƙa waya uku da dalma, na jona da kwamfuta. Nan ta faɗa mini sunan ƙwayar da ke sarrafa ta, da girman ma'adanarta, da yadda aka yanka ma'adanar gida-gida. Na yi sa'a ƙwayar sananniya ce, wasu sun riga sun yi babban aikin. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta fayil ɗaya da ke bayyana wa Linux jikin wannan na'ura: ga inda fitilu suke, ga maɓallin mayarwa, ga inda aka ajiye lambar shaidar na'urar. Bai kai layi 200 ba. Niƙa manhajar kuwa sai da dare, lokacin da kuɗin data ya fi sauƙi, ina addu'ar kada a ɗauke wuta kafin ta gama.

Ta yi aiki. A nan ne mafi yawanmu muke tsayawa, mu ɗora wa abokan ciniki, mu ɓoye fayil ɗin a matsayin sirrin sana'a. Ni na aika. Ƙa'idarsu ita ce ka rubuta bayanin na'urar dalla-dalla, da yadda ake ɗora manhajar, sannan a ƙasa ka sa layin shaida da sunanka na gaskiya, kana tabbatar da cewa kana da haƙƙin bayar da wannan rubutu, ba sato shi ka yi ba. Masu Linux ne suka kawo wannan al'ada a 2004, bayan kamfanin SCO ya tayar da ƙura a kotu yana iƙirarin an sa rubutunsa cikin Linux. Wanda ya karɓi facin ya shigar, shi ma yakan sa nasa sunan ƙarƙashin naka. Manhajar Git da Torvalds ya rubuta a 2005 tana adana wannan silsila, ta yadda kowane layi za a iya bin sa a ga wa ya rubuta, yaushe, wa ya amince. Ɗalibin zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Isnadi ne. Haka magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu ke rubuta sunansu a ƙarshe, haka malami ke ba da ijaza yana ambaton wanda ya karɓa daga gare shi. Tambayar mai masauki ce ta dawo: wa ya tsaya maka?

Bayan kwanaki wani mai bita da ban taɓa gani ba, ban san ƙasarsa ba, ya aiko da tambayoyi. Ta yaya na tabbatar da wurin lambar shaidar, ta yi daidai da wadda aka buga a bayan akwatin? Idan mutum ya so komawa manhajar kamfani, ta ina zai bi? Na ɗauki hoto, na kwafo abin da na'urar ta faɗa, na aika. Muka yi ta kai da komo har mako biyar, sannan aka shigar. Bai tambaye ni takardar makaranta ba, bai tambayi garinmu ba. Hujja ya nema.

Ribar da na ci a fili take. Da na riƙe fayil ɗin a aljihuna, duk sabon zubin da ya fito sai na sake aikin daga farko, in kuwa na gaji, abokan cinikina su zauna da tsohuwar manhaja mai ƙofofi a buɗe. Yanzu da yake cikin rumbun kowa, idan masu kula suka yi wa dukkan na'urori gyara, tawa na ciki. Ciniki kuma bai ragu ba, domin mai shago ba fayil yake biya ba, hawa rufi da jan waya da zuwa idan ya kira yake biya.

Inda Amana Ke Rauni

Kada mai karatu ya ɗauka gayyar ba ta da matsala. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka bayyana wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke kulle saƙo tsakanin mai lilo da gidajen yanar sadarwa, aka sa mata suna Heartbleed. Asalinta wani faci ne da wani ɗalibin jami'a a Jamus ya aika da kyakkyawar niyya, aka shigar ranar 31 ga Disambar 2011. Ya manta bai sa a auna tsawon wani saƙo ba, mai bita ɗaya tak da ya duba shi ma bai gani ba. Kimanin uwar garke rabin miliyan abin ya shafa. Da aka bincika sai aka tarar manhajar da bankuna da manyan kamfanoni suka dogara da ita, gudummawar da take samu a shekara kimanin dala 2,000 ce, kuma 'yan tsirarun mutane ne ke ɗauke da ita. Masu sha sun yi yawa, masu yasa sun yi kaɗan.

Na biyun ya fi muni, domin da gangan aka yi. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe shekara biyu yana aika wa manhajar xz faci masu kyau, har mai riƙe da ita, wanda aiki ya yi wa yawa, ya ba shi mabuɗi. Daga nan ya dasa ɓoyayyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga kwamfutoci ta hanyar SSH, ƙofar da masu kula da uwar garke ke bi daga nesa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shigarsa ta yi jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya fallasa abin ranar 29 ga Maris na 2024, kafin ya bazu. Baƙo ya ci amanar mai masauki, amma da yake rubutun a buɗe yake, wani mai wucewa ya gani. Darasin labaran biyu ɗaya ne: wannan aiki idanu yake buƙata, kuma idon mai bita yana da daraja kamar hannun mai rubutu.

Wa Ke Zaune a Zauren

Ga abin da ya fi damuna. Rautocin da suka cika gidajenmu, sababbi da na gwanjo, da yawansu masu ma'adanar megabait 4 ne da ƙwaƙwalwar aiki megabait 32, irin tsoffin samfuran TL-WR841N. Linux ta yi ta girma, matakan tsaro suka ƙaru, har manhajar ta daina shiga wannan ɗan wuri. Zubin OpenWrt na 19.07 da ya fito a farkon 2020 shi ne na ƙarshe da ya ɗauke su. Masu aikin ba su yi don mugunta ba, sun yi ta gargaɗi tun kafin lokacin, kuma dalilinsu na gaskiya ne. Amma wanda zai iya sauya rauta da kuɗin abincin rana, da wanda sai ya yi adashi, ba za su auna wannan hukunci da mudu ɗaya ba. A irin wannan zaure, nauyin maganarka gwargwadon aikin da ka ɗauka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wutar da ke zuwa tana komawa sau goma a yini, zafi da ƙurar hunturu a Marwa ko Sakkwato, layin waya mai tsinkewa, data mai tsada, mu muka san su. In ba mu kai rahoto ba, ba mu kai faci ba, wanda ke zaune a Balin ba zai yi mafarkinsu ba.

Ko za mu iya? Ga Nji Collins Gbah, ɗan Bamenda mai shekara 17. Ya shiga gasar Google Code-in ta 2016, inda yara ke yi wa buɗaɗɗun manhajoji aiki na gaske, ya kammala ayyuka 20 ga OpenMRS, manhajar adana bayanan marasa lafiya. Kwana ɗaya bayan rufe gasar, ranar 17 ga Janairun 2017, aka katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru, ba a mayar ba sai 20 ga Afrilu. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci babbar kyautar gasar, kuma sai da ya yi tafiyar kilomita kusan 370 zuwa nan Yawunde don ya samu intanet ya ci gaba da karatunsa. Da ya yi jinkirin kwana biyu, da ba mu ji sunansa ba. Labarinsa ya nuna basira na nan, ya kuma nuna abin da ke kashe ta.

Ga kuma tsibirin Morishus, wanda jama'arsa ba su kai na Yawunde yawa ba. Wasu matasa a can suka haɗa ƙungiyar cyberstorm.mu, suka riƙa shiga zaman aikin hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet, suna rubuta facin da ke sa manhajoji su fahimci sabuwar ƙa'idar kulle saƙo ta TLS 1.3. Ɗaya daga cikinsu, Loganaden Velvindron, da sunansa aka fitar da ƙa'ida mai lamba RFC 8270 a Disambar 2017, kan ƙarfafa tsaron SSH. Ba masana'anta gare su ba. Haɗuwa suka yi, suka dage.

Kammalawa

Daga titin Kennedy na Yawunde zuwa Farm Centre ta Kano, akwai yaran da ke ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga allon waya su mayar da wata. Wanda ya iya wannan, liƙa waya uku a jikin rauta ba zai gagare shi ba. Abin da ya rage shi ne ɗan Ingilishin rubuta bayani, da koyon Git, da haƙurin amsa tambayar mai bita ba tare da jin an raina shi ba. Ba dole a fara da rubuta manhaja ba. Wanda ya gwada sabon zubi a kan na'urar da ke shagonsa ya aika da rahoto mai kyau, ya faɗi samfuri da zubi da abin da ya faru daki-daki, ya yi aiki. Wanda ya gyara bayanin girkawa da ya tsufa, ya yi aiki. Daga nan ake zuwa faci na farko, daga faci a zo bitar na wasu, har a wayi gari mutum ya zama shi ke tsaya wa baƙo.

Ina kira ga iyayen gidanmu a wannan sana'a da su ware wa yaransu ko da yammacin Juma'a ne, da kwamfuta ɗaya da 'yar data, su zauna su koyi wannan tare. Sirrin da aka ɓoye a shago yana mutuwa ranar da samfurin ya bar kasuwa. Wanda aka kai rumbun kowa kuwa yana nan da sunan mai shi a jiki, mutanen da bai sani ba suna amfana, kuma mun san matsayin ilimin da ake amfana da shi bayan mai shi. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu ilimi mai amfani da zuciyar bayar da shi.